Kafin Ka Sayi Allon 4K: Lissafin da Mai Shago Ba Zai Yi Maka Ba

Duk wanda ya nemi shawara a intanet kan allon kwamfutar da ya dace da buga gem, kusan amsa guda zai samu: a sayi babba, inci 32 ko fiye, mai kaifin 4K, mai sabunta hoto sau 240 a sakan. Yawancin masu ba da wannan shawara a Amurka da Turai suke zaune, inda wuta ba ta ƙiftawa, ɗaki yana da sanyi, sabar wasan kuma tana nan kusa. Gaskiya suke faɗi a kan gidajensu. Laifin yana wuyanmu, mu da muke ɗauko ta ɗungurungum mu sauke a Birnin Kudu ko Gwaram. Likita a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ko malami a Kwalejin Gwamnati, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya tara albashin watanni, ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ya dawo da allon da ba zai taɓa ganin rabin iyawarsa ba. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Ba na cikin masu ganin buga gem a matsayin shashanci. Wanda ya wuni a bakin aiki yana da haƙƙin ya huta ta hanyar da ya zaɓa, da kuɗin guminsa. Faɗana da sayen lambobi ne, wato mutum ya biya kuɗin abin da aka rubuta a jikin kwali alhali yanayin gidansa ba zai bar shi ya more shi ba.

Mu fara da abin da lambobin suke nufi. Hoton da ke kan allo ɗige-ɗige ne ƙanana, waɗanda ake kira fiksel. Allon 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Na 1440p yana da 3,686,400. Na 4K kuwa 8,294,400 ne, ninki 4 na 1080p cif. Shi kuma adadin Hz yana nuna sau nawa allon zai iya sauya hoto a sakan guda. Allon ba ya ƙirƙirar hoton da kansa, katin sarrafa hoto da ke cikin kwamfuta ne yake zana kowane ɗigo ya miƙa masa. Domin a ciyar da allon 4K sau 144 a sakan, sai katin ya zana ɗigo kusan biliyan 1.2 a kowane sakan. A 1440p aikin bai kai rabin haka ba, kimanin miliyan 531 ne. Saboda haka wanda ya sayi babban allo ya ɗaura wa kansa sayen babban kati, in kuwa bai saya ba, ya ɗaura sirdin sarauta ne a bayan jaki.

Daga nan sai batun wuta, wanda shi ne kan gaba a ƙasarmu. Katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia yana jan wat 450 shi kaɗai, RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 kuma wat 575. In aka haɗa da sauran kayan cikin kwamfutar da allon, ana maganar wat 600 zuwa sama. Batir na inbata mai 12V da 200Ah, irin na ruwa da aka fi samu a gidajenmu, yana riƙe da awar-wat 2,400, amma duk mai son ya daɗe ba ya zuƙe fiye da rabi. Wat 600 zai cinye wannan rabin a ƙasa da awa 2, kafin a kunna fanka ko ƙwai ɗaya. Ƙaramin janareto irin na shaguna kuwa da ƙyar zai ɗauki wannan nauyi. A ɗaya ɓangaren, kwamfuta mai katin RTX 4060, wanda ke jan wat 115, tare da allo mai inci 27, ba ta cika wuce wat 250 ba, kuma batirin nan ɗaya zai riƙe ta wajen awa 4.

Ko mai wutar KEDCO bai tsira daga wannan lissafi ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. A wannan farashi, awa 3 kullum a kan wat 600 ya kama Naira 12,150 a wata, a kan wat 250 kuma kimanin Naira 5,000. Wanda layinsa bai kai wannan rukuni ba, man fetur zai saya, kuma kowa ya san inda farashinsa ya nufa tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Za a ce mini ai sauri yana da amfani, mai allon 240Hz yana riga abokin karawarsa gani. Haka ne, amma da nawa? Allon 60Hz yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7, na 144Hz duk bayan 6.9. Wannan ribar milisakan kusan 10 ce, kuma ido da hannu duk suna jin ta. Daga 144 zuwa 240 kuwa, abin da aka ƙaru da shi bai kai milisakan 3 ba. Yanzu a auna wannan da nisan hanya. Haske a cikin wayar intanet yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan guda. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010 daga Legas zuwa Fotugal tsawonta kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan. A ƙara tazarar Jigawa zuwa Legas, a ƙara jinkirin hasumiyar kamfanin waya. Ɗan Gwaram da ke karawa a sabar Turai ya riga ya rasa fiye da milisakan 80 kafin allonsa ya sa baki. Babu allon da zai gajarta teku. Biyan ƙarin dubban ɗaruruwan naira don milisakan 3 a irin wannan hali, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Masu na'urar PlayStation ma su lura. PS4 ba ta fitar da hoto fiye da sau 60 a sakan. PS5 da ta fito a Nuwamban 2020 iyakarta 120. Duk Hz ɗin da ya haura nan, kuɗi ne aka binne. Kuma ko 120 ɗin a 4K ba ya samuwa sai allon yana da ƙofar HDMI 2.1, domin HDMI 2.0 a 60 take tsayawa. Alluna da yawa an rubuta musu 4K da 144Hz a kwali, amma ta ƙofar DisplayPort kaɗai suke ba da haka, ƙofar da PS5 ba ta da ita. Mai shago ba lallai ya faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Sai girma da kaifi. Idon mai lafiyar gani yana da iyaka wajen rarrabe ɗigo biyu da ke kusa da juna. Allon 1440p mai inci 27 yana da ɗigo 109 a kowane inci, kuma daga nisan santimita 80, wato tsawon hannu da ɗan ƙari, ɗigon ya ɓace wa ido. Allon 4K mai inci 32 yana da 138, wanda sai an matso ƙasa da santimita 80 ake cin moriyar bambancinsa, a irin wannan kusanci kuwa sai an riƙa juya wuya kafin a ga gefensa. Na yarda cewa mai zanen gini, ko mai tace bidiyo, ko mai wuni a kan jadawalin lissafi, yana amfana da 4K ƙwarai, domin rubutu ya fi fita tas. Amma shi buƙatarsa kaifi ce, allon 4K mai 60Hz ya ishe shi, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Haɗa kaifi da sauri a allo guda shi ne yake cilla farashi sama.

Akwai kuma yanayin ƙasa. Yawancin kamfanoni suna rubuta digiri 40 a matsayin iyakar zafin da allonsu zai yi aiki a ciki, mu kuwa a watan Afrilu muna haura wannan. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin shan iska na babban kati. Allon OLED, wanda ake ta yabo saboda kyan launinsa, yana da lalurar kama tabon hoton da ya daɗe a wuri guda, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. In ya lalace, takardar garanti da aka buga don kasuwar Dubai ko Amurka ba za ta amfani mutumin Birnin Kudu da komai ba.

To, me ya kamata a saya? Ga mai kwamfuta, allon IPS mai inci 27, 1440p, 144 zuwa 180Hz, mai fasahar FreeSync ko G-Sync da ke daidaita saurin allo da na kati don kada hoto ya yage. Ga mai ƙaramin ƙarfi, inci 24 da 1080p ba abin kunya ba ne: ɗigo 92 ne a inci, daidai da abin da 1440p ke bayarwa a inci 32. Ragowar kuɗin a zuba shi a sitabilaiza mai kyau, da inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta, da ƙarin faifan sola. A kasuwa kuma kada a yi cinikin biri a sama, musamman in ɗan Kwatano ne. A sa a kunna allon, a cika shi da fari, da baƙi, da ja, da kore, da shuɗi, a nemi mataccen ɗigo. A shiga saitin kwamfuta a tabbatar Hz ɗin da aka yi alkawari ya bayyana ta ƙofar da za a yi amfani da ita a gida.

Masu karanta wannan shafi mutane ne da ake tambaya. Ƙane zai tambaye ka, ɗalibi zai tambaye ka, matashin da ke son buɗe gidan gem da jarin da mahaifiyarsa ta sayar da akuyoyi ta ba shi zai tambaye ka. In ka maimaita masa abin da ka ji a YouTube ba tare da ka tambaye shi awa nawa yake samun wuta ba, wace na'ura yake da ita, kuma ina sabar wasansa take, to asarar da zai yi da hannunka a ciki. Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ce za ta zaɓa masa allo, tun kafin ya hau motar Kano.