Littafin ƙarshe na Kuruma: an kwashe tuwo bai nuna ba

Duk ma'aikacin da ya zauna kan bencin lise a Yamai ko Damagaram ya san sunan Ahmadu Kuruma, marubucin ƙasar Kodibuwa wanda ya lanƙwasa Faransanci har ya bi karin harshen Malinke a cikin Les Soleils des indépendances, littafin da ya fara fitowa a Kanada cikin 1968. A shekarar 2000 ya fitar da Allah n'est pas obligé, labarin yaro Birahima da ya ɗauki bindiga a yaƙin Laberiya da Saliyo, ya ci kyautar Renaudot a Faransa. Saboda haka da labari ya bazu cewa tsohon yana rubuta ci gaban labarin, kuma a wannan karo yaƙin ƙasarsa ne zai faɗa, sai masu karatu suka zuba ido.

Jiran yana da dalili. Yaƙin da ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002 ya raba Kodibuwa gida biyu, ya kuma taɓa gidaje da yawa a Tawa da Maraɗi, domin ƴan kasuwa da ƴan ci-rani na Nijar sun daɗe suna neman abinci a Abijan da Buwake. Wanda aka ƙona wa rumfa saboda sunansa ko rigarsa yana so ya ji yadda babban marubuci zai auna abin da ya same shi.

Allah bai nufa ba. Kuruma ya rasu a birnin Liyon cikin Disamba 2003, aikin bai kammala ba. A 2004 kamfanin Seuil na Paris ya tattara abin da ya bari ya buga da sunan Quand on refuse on dit non: babi uku, sai tsarin abin da ya yi niyyar rubutawa da wasu gutsattsari.

Tushen labarin mai kyau ne. Birahima ya girma, ya zama yaron mota a Dalowa. Da kisa ya shigo garin sai ya gudu tare da Fanta, ɗiyar malaminsa da aka kashe, suka nufi Buwake a ƙasa. Ita ta yi lakwal, shi kuwa jahili ne mai bindiga, ga shi kuma yana son ta. Marubucin da ke da lafiya da lokaci zai iya gina gari guda a kan wannan harsashi.

Abin da ya fito daban ne. Tafiyar ta koma aji. Fanta tana ba da darasin ƙasa da tarihi, daga zamanin Turawa zuwa Hufuwet Buwanyi, daga Konan Bediye da aƙidarsa ta tantance ɗan ƙasa na asali zuwa Janar Gei da Loran Bagbo. Birahima yana naɗa a rikoda, sa'an nan ya maimaita abin da ta faɗa da nasa bakin. Mai karatu yana shan magana ɗaya sau biyu. Fanta ba ta da jini a jika, allo ce da aka jingina don a yi rubutu a kai. Yarinyar da aka kashe wa uba ba ta magana kamar mai karanta takardar jarrabawa. Ƙamus ɗin nan huɗu da yaron ke buɗawa a littafin farko, waɗanda suka sa dariya ta gauraya da tsoro, a nan sun zama al'ada kawai. Fushin Kuruma na gaskiya ne, kuma yana da hujja, tun da shi kansa ɗan arewa ne da jaridun masu mulki suka yi wa gorin asali. Sai dai fushin ya riga labarin isa takarda.

Laifin ba na mamaci ba ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu tsakanin littafinsa na farko da na biyu, Monnè, outrages et défis na 1990, ba mai sakin aiki da ɗanye ba ne. Dole a yi wa kamfanin adalci: bai ɓoye cewa littafin guntu ne ba, akwai bayani a ciki. Amma kowane ɗan kasuwa ya san bambancin faɗar aibin haja a hankali da rubuta shi a bakin rumfa. Sunan Kuruma da kyautar Renaudot su suka sayar da littafin, kuma malamin makarantar da ya cire kuɗinsa daga albashin da ba ya kai ƙarshen wata cikakken labari ya biya. Da an buga shi a matsayin takardun da marubuci ya bari, don masu bincike da ɗaliban jami'a, da babu mai ƙorafi.

Wanda ke neman taƙaitaccen tarihin yadda rigimar gonakin koko da takardar ɗan ƙasa suka kai Kodibuwa ga yaƙi zai samu abin amfani a darussan Fanta, muddin ya tuna cewa daga ɓangare guda ake ba shi. Wanda ke neman Birahima kuwa, gara ya koma littafin 2000. A na ƙarshen, alƙalami ya tsaya yaron da Fanta suna kan hanya, ba su shiga Buwake ba.