Iskar taya: Lissafin da direbobin Babura suka bar wa mai faci

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, direbobin haya a arewa maso yammacin Jihar Jigawa suka shiga ƙirga kowace lita. Man da ake saye ƙasa da Naira 200 ya haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, farashin taya ma ya bi sahu saboda faɗuwar darajar Naira. Mafitar da aka fi gani a tashoshin Babura da Kazaure ita ce ƙarin lodi: fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan riɗi da gero da igiya. Duk wannan nauyi a kan iskar taya yake hawa, ita kuwa ba a cika yi mata lissafi ba.

A mafi yawan lokuta mai faci ne ke yanke hukunci. Direba ya tsaya ya ce a ba ta iska sosai, mai faci ya ɗura, ya ƙwanƙwasa tayar da ƙarfe ko ya ɗora gejin da ya shekara yana faɗuwa a ƙasa. Ba abin mamaki ba ne a tarar da ƙaramar mota da iska 45 ko 50, alhali yawancin kamfanonin ƙera ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke kayyadewa a ma'aunin psi. Wasu kan dogara da lambar da ke jikin taya, amma wannan iyakar abin da tayar za ta iya jurewa ce. Lambar da ta dace da motar tana kan wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai kamar yadda yake a Golf. Motocin da suka fito daga Turai sukan rubuta ta a ma'aunin ba, wanda ɗayansa ya kai psi 14.5, don haka 2.2 na nufin kusan 32.

Direban da ke neman ƙarin iska yana da hujjarsa, domin takardar kanta ta ware lamba biyu, ɗaya ta mota sakayau, ɗaya ta cikakken lodi, kuma tayoyin baya ne suka fi buƙatar ƙarin. Sai dai iska ba ta ƙara wa taya ƙarfin da ba a ƙera ta da shi ba. Idan ta yi yawa tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa kwalta, birki ya rage kamawa, rami ɗaya ya isa ya fasa ta.

Ƙarancin iska ya fi wannan haɗari, kuma yanayin yankin na taimaka masa. Ƙasar Babura rairayi ce, direban da zai shiga ƙauye ranar kasuwa kan rage iska don kada motar ta kafe. Dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce ya hau kwalta ya miƙa Kunya ko Babban Mutum ba tare da ya mayar da iskar ba. Tayar da ba ta cika ba gefenta ke ta lanƙwasawa a kowane juyi, zafi ya taru a ciki har robar ta rabu da wayoyinta. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kwalta kuma ta fi haka, abin ba ya ɗaukar dogon lokaci. Akwai kuma masu tsayawa a tsakiyar tafiya su sace iska don sun ga geji ya hau. Hawan na zafi ne, kusan psi ɗaya a kowane digiri biyar zuwa shida, kuma masu ƙera motar sun riga sun yi lissafinsa. Shi ya sa ake awo da safe, kafin mota ta yi tafiya.

Ta fuskar aljihu ma akwai asara. Hukumomin makamashi na Amurka sun ƙiyasta cewa daidaita iska na iya rage shan mai da kusan kashi 3 cikin 100. Ga mai zuwa Kano kullum, wannan kuɗi ne, ban da tayar da ke cinyewa kafin lokacinta.

Tayoyin kansu wani batu ne. Michelin ya rufe masana'antarsa a Najeriya a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, kasuwa ta koma hannun na waje. Tsofaffin tayoyi na cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su, amma 'yan Beljiyam ne talaka ke iya saye. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta, kuma lambobi huɗu da ke jikinta ne ke nuna mako da shekara: 2419 na nufin mako na 24 na 2019. Tsohuwar roba ba ta yafe kuskuren iska, ko ta wane ɓangare ya zo.

A Amurka, bayan fashewar tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer ta jawo mutuwar mutane da dama, majalisa ta yi doka a 2000, wadda ta kai ga tilasta sanya na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci daga 2007. Da yawa daga irin waɗannan motoci na yawo a titunan Jigawa, fitilar na ci a gaban direba an mayar da ita ado.

A nan, gyaran bai kai tsadar haka ba. Ana duba famfunan gidajen mai don a tabbatar lita ta cika, amma gejin mai faci ba ya cikin abin da ake bibiya. Ƙungiyar direbobi ta NURTW na da ofishi a manyan tashoshin yankin, tana iya ajiye geji mai inganci guda ɗaya a auna kowace mota kafin ta ɗaga. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 kuwa tana da ɗaliban injiniya da za su iya zagaya masu facin garin su gwada gejinsu a yini ɗaya.