Mai Bin Sawu Da Rumbun Da Ya Ɓace

Duk ma'aikacin da ya daɗe yana aiki da kwamfuta, da duk ɗan kasuwan da ke riƙe lissafin kantinsa a cikinta, ya san wannan saƙo: a danna manhaja ta ƙi buɗewa, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar na'ura yana cewa ba a sami wani fayil ba, sunan fayil ɗin kuwa ya ƙare da haruffa uku, DLL. Ga mai kanti wannan ɓacin rai ne na yini guda. Ga masu rubuta manhaja kuwa babbar matsala ce, wadda suka kwashe shekaru suna fama da ita, domin ɓatan irin wannan fayil yana iya makantar da kayan aikin da suke dogara da shi wajen gano kuskure. Yadda suke jarraba wannan kayan aiki shi ne zancen filin nan na wannan mako.

Da farko ya kamata a san abin da ke ɓacewa. Manhaja ba ta ɗauke da dukan kayanta a ka. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja take bukata, kamar rubuta harafi a fuskar na'ura, buɗe fayil, ko yin lissafi, saboda haka aka tara su a wasu fayiloli na dabam waɗanda kowa ke ɗiba daga ciki, tamkar rumbun tsimi na gari. Ana iya kiran su rumbunan tarayya. A tsarin Windows sunansu yana ƙarewa da DLL, a tsarin Linux kuma da so. Amfaninsu a fili yake: rumbu ɗaya ya ishi manhaja ɗari, kuma in an gyara shi an gyara wa kowa. A Linux, duk sa'ad da aka tayar da manhaja, wani ɗan shiri mai suna ld.so ke yin aikin dillali: ya duba jerin rumbunan da take bukata, ya nemo su, ya haɗa su da ita. In ya rasa ko da ɗaya, ciniki ya watse, manhaja ba ta tashi.

Shi kuma kayan aikin da ake zance, masu Faransanci suna ce masa débogueur. A Hausance sunan da ya dace da shi mai bin sawu, domin aikinsa irin na mutumin da ake kira ne in an sace dabba: ya dubi ƙasa ya faɗi inda aka bi. Yana tsayar da manhaja a tsakiyar gudu, ya nuna abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, ya jero matakan da ta taka ɗaya bayan ɗaya har zuwa inda ta faɗi. Wanda ya fi shahara a duniyar Linux shi ne GDB, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a Amurka a 1986, cikin aikin GNU na samar da manhajar da kowa ke da ƴancin amfani da ita da gyara ta.

Wahalar tana tasowa ne saboda ba kullum ake bincike a inda ɓarnar ta auku ba. In manhaja ta faɗi, tsarin Linux yana iya ajiye hoton abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a daidai wannan lokaci, a wani fayil da ake kira core, sunan da ya samo asali daga ƙananan zobban maganaɗisu da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfutocin dā da su. Wannan hoto shi ake aika wa marubucin manhajar, wanda wataƙila yana wata ƙasa. To amma domin kada fayil ɗin ya yi nauyi, bisa al'ada ba a kwafe umarnin da ke cikin rumbunan a cikinsa, ana ɗauka cewa mai bincike zai same su a tasa na'urar. In bai same su ba, abin da ke hannunsa lambobi ne tsagwaronsu. GDB yana ganin cewa manhaja ta faɗi a mazauni mai lamba kaza, amma bai san sunan aikin da ke wurin ba, sai ya rubuta alamar tambaya biyu a madadin suna. Abin da ya fi wannan muni, bayanin da ke nuna hanyar komawa daga wani mataki zuwa wanda ya gabace shi a cikin rumbun yake, don haka sau da yawa sawun yakan yanke a nan, kamar dabba ta hau kan fa.

Masu kula da GDB ba su bar wannan ga sa'a ba. Suna da tarin jarrabawa dubun-dubatai da ke gudana da kansu ta hanyar wani tsari mai suna DejaGnu, wanda ke buga wa GDB umarni kamar yadda mutum zai yi, ya karanta amsarsa, ya rubuta ko ya ci ko ya faɗi. Jarrabawar rumbun da ya ɓace dabararta mai sauƙi ce. A rubuta ƴar ƙaramar manhaja da ɗan ƙaramin rumbu, a sa manhajar ta kira wani aiki a cikin rumbun wanda aka shirya da gangan ya kayar da ita, a karɓi hoton ƙwaƙwalwar. Daga nan sai a kawar da rumbun daga wurinsa, a miƙa wa GDB hoton, a zuba ido.

Abu uku ake nema a wurinsa. Na farko, kada shi kansa ya faɗi, domin likitan da ke suma in ya ga jini ba shi da amfani a asibiti. Na biyu, ya faɗi a fili cewa ya rasa wani abu, ya kuma ambaci sunansa. GDB kan yi gargaɗi cewa bai iya ɗauko bayanan rumbu kaza ba, ya nuna umarnin info sharedlibrary wanda ke jero rumbunan duka. Na uku, ya ci gaba da ba da abin da ya rage a hannunsa, wato bayanan manhajar kanta da na rumbunan da ba su ɓace ba. Bayan haka sai a mai da rumbun a wani wuri dabam, a gaya wa GDB inda yake ta umarnin set solib-search-path ko set sysroot, a duba ko sunayen sun dawo, sawun ya haɗu.

Ana kuma sauya yanayin jarrabawar. Wani lokaci a kawar da rumbun tun kafin a tayar da manhajar a ƙarƙashin GDB. A nan dillalin ne ke janyewa, manhajar ta mutu tun ba ta fara aiki ba, GDB kuma ya ba da labari cewa ta fita da lamba 127 a lokacin tashi. Wani lokaci kuma a share rumbun alhali manhajar tana gudu. Wannan yana faruwa kullum a manyan na'urori: a sabunta rumbu yau, manhajar da aka tayar tun makon jiya ta ci gaba da aiki da tsohon, wanda Linux ke riƙe mata ko da sunansa ya bar faifai. In ta faɗi bayan haka, rumbun da ta yi aiki da shi babu shi, wanda ke zaune a mazauninsa baƙo ne mai suna iri ɗaya.

Nan ne jarrabawar ta fi tsanani. Rumbun da ya ɓace yana jawo shiru, shiru kuwa mai bincike yana jin sa, ya san akwai giɓi. Rumbun da aka musanya yana jawo shaidar zur. GDB ya ɗauki lambar da ke cikin hoton, ya duba ta a sabon rumbun, ya sami sunan wani aiki dabam, ya rubuta shi da cikakken tabbaci. Marubucin manhaja sai ya shafe kwanaki yana tonon wurin da ba laifi, kuskuren na gaskiya yana kwance lafiya. Duk wanda ya taɓa binciken littafin kuɗi ya san bambancin: shafin da aka yage yana tona kansa, amma shafin da aka cire aka liƙa wani a gurbinsa, da lamba ɗaya da hatimi ɗaya, shi ke ɗaure marar laifi. GDB ya daɗe da wani gargaɗi da ke cewa wani sashe na rumbun ba ya inda ake tsammani, wataƙila ba shi ba ne ko kuwa fitowar ta bambanta, sai dai wannan alama ba ta kama kowace musanya.

Maganin da ya fi inganci ya zo a 2007, lokacin da aka shigar da abin da ake kira build-id cikin kayan haɗa manhaja na GNU, aka fara amfani da shi sosai a tsarin Fedora. Lamba ce da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil a lokacin haɗa shi, galibi mai alamomi 40, ta zama kamar zanen yatsa. Rumbuna biyu na iya yin suna ɗaya, amma in cikinsu ya bambanta lambarsu ba ta zama ɗaya. Da yake lambar tana kusa da farkon fayil, kuma Linux yana sanya shafin farko na kowane rumbu a cikin hoton ƙwaƙwalwa, mai bin sawu yana da abin da zai gwada rumbun da aka ba shi da wanda manhaja ta yi aiki da shi. A 2019 aka ƙara wani mataki da fitowar debuginfod, hidimar da ke ba da fayil ta intanet in an ba ta lambarsa, GDB kuma ya fara amfani da ita a fitowarsa ta 10 a 2020. A fitowa ta 16, cikin watan Janairu na 2025, aka ƙara hanyar da mai amfani zai rubuta nasa ɗan shiri da harshen Python, wanda GDB zai nemi taimakonsa duk sa'ad da ya rasa wani fayil wajen buɗe hoton ƙwaƙwalwa. Kowane ɗaya daga waɗannan ƙare-ƙare yana bukatar tasa jarrabawa, har da ta ranar da hidimar ba ta amsa ba, ko aka nemi lambar ba a same ta ba.

Mai karatu na iya cewa wannan sha'anin masana ne a ƙasashe masu nisa. Amma ƙarshen igiyar yana kan teburinsa. In na'ura ta ce ta rasa, misali, MSVCR100.dll, abin da mutane da yawa ke yi shi ne su nemi fayil mai wannan suna a intanet, ko su kwafo shi daga kwamfutar maƙwabci, su jefa a ciki. Wannan fayil yanki ne na kayan Visual C++ na 2010 da kamfanin Microsoft ya fitar, hanyar da ta dace kuwa ita ce a girka kayan gaba ɗaya daga mai su. Wanda ya tsinto shi a hanya ya yi da hannunsa musanyar da masana ke tsoro, kuma yana iya shigo da ƙwayar cuta cikin na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko bashin abokan ciniki. Haka nan ma'aikata ko kamfanin da ya sayi manhaja daga nesa, in ta faɗi aka nemi hoton ƙwaƙwalwarta, to kada a yi gaggawar sabunta na'urar kafin a kwafe rumbunan da take aiki da su, domin wanda ya share fage kafin mai bin sawu ya iso, shi ya taimaki ɓarawo.

Ma'auni ba a sanin gaskiyarsa sai an ɗora masa abin da aka riga aka san nauyinsa. Shi ya sa masu GDB ke ɓatar da rumbu da gangan, su musanya shi da gangan, tun kafin hakan ta faru a hannun jama'a. Abin da suke nema ga kayan aikinsu shi ne abin da ake nema ga duk mai bincike, na na'ura ne ko na baitulmali: ya faɗi abin da ya gani, ya ambaci abin da ya rasa da sunansa, kada kuma ya cike giɓi da zato.