Mota Biyu, Lamba Ɗaya: Wa Ke Ɗaukar Hasara?

Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Gulbin Rima, musamman daga shekarar 2015 da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, kuɗi ya shiga hannun mutane da yawa waɗanda a da ko keke ba su mallaka ba. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu zai ga shaidar wannan. Malaman makaranta da akawuna su ma ba a bar su a baya ba, wannan ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, wancan ya haɗa albashi da kuɗin gona, kowa yana neman abin hawa. Wannan abin murna ne. Amma akwai wata ɓarna da ta biyo cinikin motoci, wadda muke so mu jawo hankalin masu karatu a kanta, watau satar lambar jikin mota a liƙa wa wata.

Ya kamata mu fara rarrabewa, domin mutane da yawa suna rikita abin. Lambar da ke bisa farantin gaba da baya, irin su BRK ko ARG, ofishin lasin ne ke bayarwa, kuma ana iya canza ta. Lambar da muke magana a kanta ita ce wadda masana'anta ta buga a jikin ƙarfen motar ranar da aka ƙera ta, wadda makanikai ke kira lambar shasi. Tun 1981 aka daidaita ta a Amurka ta zama haruffa da alƙaluma 17, sauran ƙasashe kuma galibi wannan tsari suke bi. Uku na farko suna nuna ƙasa da masana'anta: J ta Japan ce, W ta Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 kuwa Kanada. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, ta goma tana nuna shekarar samfurin, ta tara kuma alƙalamin gwaji ce da ake fitarwa ta hanyar lissafi daga sauran. Shida na ƙarshe su ne lambar ita motar kanta. Ba a sa I ko O ko Q a ciki, don kada a rikita su da ɗaya da sifiri. Ƙa'ida ita ce, babu mota biyu a duniya da za su yi tarayya a lamba guda.

To, ga yadda ɓarayi ke karya wannan ƙa'ida. Idan sun saci mota, sun san lambarta ta shiga littafin 'yan sanda, saboda haka sai su nemo wata mai kama da ita, iri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, wadda ba ta da wani laifi. Samun lambarta ba wuya, domin ana ganinta ta gilashin gaba, ko a hoton talla a intanet, ko a jikin motar da ta yi haɗari aka yar. Sai su ɓamɓare farantin asali su liƙa na jabu, su goge abin da aka buga a ƙarfe su sake bugawa, sa'an nan su ƙago takardun da suka dace. Shi ke nan motar sata ta sami sunan 'yar halas. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Kakanninmu sun san ɓarawon doki da ke sake ƙona alamar da mai shi ya yi masa a cinya kafin ya kai shi kasuwa mai nisa. Bambancin kawai shi ne, yau kasuwar mai nisa tana hayin teku.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasashen Turawa ne, bai shafe mu ba. Gaskiya ne a can aka fi jin sa. A 2009 hukumar bincike ta Amurka ta tona asirin wata ƙungiya a birnin Tampa wadda ta sake wa motoci fiye da 1,000 lamba, hasarar kuma ta haura dala miliyan 25. A Kanada an saci motoci fiye da 100,000 a 2022 kaɗai, har gwamnatinsu ta kira taron ƙasa a Ottawa cikin Fabrairu 2024 a kan lamarin. Amma ina motocin suke zuwa? Da yawa ana loda su cikin kwantena a tashar jirgin ruwa ta Montreal, a nufo Afirka ta Yamma. A 2024 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta sanar cewa cikin 'yan watanni an gano fiye da 1,500 daga motocin Kanada da aka sata a ƙasashe dabam-dabam. A ƙarshen wannan shekarar kuma hukumar kwastan ta Nijeriya ta mayar wa Kanada motoci 21 da aka kama. Wanda aka kama ke nan. Wanda ya wuce kuwa yana hannun wani mai saye.

Mu kuwa mazauna Jihar Kebbi a bakin ƙofa muke. Muna da iyaka da Jamhuriyar Nijar da ta Benin, kuma kowa ya san hanyar da ke tasowa daga Kwatano ta haura Malanbil da Gaya, ta faɗo kusa da Kamba. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan tudu, ta ce sai ta tashar ruwa, sa'an nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin gaba ɗaya. Niyyar gwamnati mai kyau ce, watau a tsare kuɗin fito. Amma dole mu faɗi gaskiya: abin da aka hana shi bin titi, wani sashinsa daji yake bi. Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba ta da takardar kwastan, saboda haka sai an nemo mata ta aro. Da haka mai fasa-ƙwauri da ɓarawon mota suka haɗu a ƙofar mutum guda, shi ne mai ƙirƙirar takarda da sake bugun lamba.

Yanzu mu dubi wanda abin ke faɗa wa. Mutum biyu ne, kuma dukansu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Na farko shi ne mai saye. Mu ɗauka, a misali, hedimasta ne a Argungu ya tara kuɗi shekara biyar, ya ƙara da bashi, dillali ya kawo masa mota mai tsabta da farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa. Ya biya, aka ba shi takardu, ya yi rajista, 'yan uwa suka zo sa albarka. Bayan shekara guda a tsare shi a shingen hanyar Sakkwato ko ta Jega, a duba, a ce motar ta sata ce. Nan take za a karɓe ta. Doka ba ta yarda ɓarawo ya mallaka wa wani abin da shi kansa bai mallaka ba. Malaman fiƙihu ma haka suka tabbatar a babin istihƙaƙi: mai kaya ya ɗauki kayansa inda ya gan su, mai saye ya bi wanda ya sayar masa. To, ina zai gan shi? Mota ta tafi, bashi yana nan ana yanka daga albashi kowane wata, ga kuma zargin sayen kayan sata, wanda laifi ne a dokarmu ga wanda ya saya yana sane. Ko an wanke shi daga baya, kwana guda a caji ofis ya isa ya zubar da mutuncin da malami ya yi shekara ashirin yana ginawa.

Na biyu shi ne mai motar halas da aka saci lambarsa. Shi bai sayi kome ba, motarsa na ƙofar gidansa. Amma idan aka yi fashi ko fasa-ƙwauri da tagwayenta a wata jiha, sunansa ne zai fito a littafi. In ya tashi sayarwa ko sabunta takardu, sai a ce an riga an yi wa wannan lamba rajista a wani wuri. Sai ya koma yana kai da kawowa tsakanin ofisoshi domin ya tabbatar da cewa nasa nasa ne.

Hukuma ba ta zauna hannu rabbana ba. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da kundin rajistar motoci na ƙasa. A 2021 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta buɗe wani kundin da ke aiki da lambar shasi. A 2022 kwastan ta fara ƙididdige kuɗin fito bisa wannan lamba, ko da yake wakilan fiton kaya a Legas sun yi bore har aka dakatar na ɗan lokaci aka gyara. 'Yan sanda kuma suna da nasu kundin. Abin da muke gani shi ne, yawan littattafai ba ya maganin ɓarawo sai in littattafan suna duba juna. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar makaranta ya san cewa in yaro guda yana da suna a aji biyu, ba za a gane ba sai ranar da aka haɗa rajistocin wuri ɗaya. Roƙonmu ga hukuma shi ne a haɗa su, har ya zamana akawun ofishin lasin a Birnin Kebbi yana iya ganin lambar da aka riga aka yi wa rajista a Legas ko Kano kafin ya ɗaga hatimi.

Ga 'yan uwanmu akawuna kuwa muna da magana ta musamman. Lambar jabu ba ta zama halas sai ta bi ta kan teburin wani. A zamanin En'e, akawun da ya rubuta shanun jangali bai gan su ba, ya san abin da zai same shi. Haka ya kamata yau: kada a rubuta lamba daga takarda, a fita a dube ta a jikin mota. Ɗan abin da za a miƙo maka ta ƙarƙashin fayil, wataƙila hawayen abokin aikinka ne gobe.

Masu niyyar saye kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Araha mai yawa abin tuhuma ce. Kafin ka biya, ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ba na dillali ba. A gwada lambar gilashin gaba da ta bakin ƙofar direba da wadda aka buga a ƙarfe, a ga sun yi daidai da juna da ta takarda, harafi bayan harafi. A dubi wurin da kyau: sabon fenti, ko alamar walda, ko haruffan da suka karkace, duk abin tsoro ne. Motocin zamani suna riƙe lambarsu cikin kwamfutarsu, na'urar makanike tana iya karantowa. A kai takardar fito ofishin kwastan a tantance, a kuma tambayi 'yan sanda. A biya ta banki, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu da cikakken sunan mai sayarwa da inda yake zaune. Mai sayarwan da ya ƙi jiran kwana biyu domin wannan bincike, ya riga ya ba ka amsa. Duk wannan ya shafi babur kamar yadda ya shafi mota.

Daga ƙarshe, muna so malamai su riƙa bayyana wa iyayen yara wannan a garuruwansu, domin manomin da ya sayar da buhu ɗari na shinkafa wurin malami yake zuwa a karanta masa takarda. In malamin ya san abin da zai duba, ya tsirar da guminsa na shekara. Allah ya kiyashe mu da sayen abin da ba namu ba, amin.