Ruwan Ɗaye Fata Aikin Likita Ne, Ba Hajar Tebur Ba

Duk mai shiga kasuwanninmu na kan iyaka ya san yadda man bilicin ya cika tebura. Yanzu kuma ga ƙananan kwalabe na ruwan ɗaye fata, waɗanda mata ke saye su je gida su shafa da kansu, wasu ma ana gab da bikinsu.

Ɗaye fata da sinadari magani ne da likitocin fata suka daɗe suna yi, don rage ƙurajen fuska da tabo. Likita yakan shafa asid mai ƙarfin da aka auna, irin su glycolic da salicylic da TCA, ya lura da fatar minti bayan minti, sannan ya dakatar da aikin kafin asid ɗin ya ci ciki. Bayan haka sai ya hana mutum shiga rana. Haka kuma ya san cewa baƙar fata irin tamu, idan ta ƙone, takan warke da tabon da ya fi na farko duhu.

Mai tebur ba shi da wannan sani, kuma sau da yawa kwalbar ba ta faɗi abin da ke cikinta ba. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta gargaɗi jama'a a 2024 da kada su yi amfani da irin wannan ruwa ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda ƙuna da gyambo da yake jawowa.

Hukumomi ma sun farka. Kwaddibuwa a 2015, Gana a 2016, Kamaru a 2022, duk sun kafa dokar hana man bilicin masu haɗari. Ke nan mai loda irin waɗannan kaya yana kasada da jarinsa a shingen kwastan.

Don haka muna kira ga shugabannin kasuwa da manyan diloli da su daina karɓar duk kwalbar da ba ta da lambar rajista da jerin sinadaranta. Wadda ta zo neman maganin tabo, a tura ta asibiti. Ciniki amana ne, kuma ribar kwalba ɗaya ba za ta biya fuskar 'yar mutane ba. Allah Ya ba mu halal.