Tsadar sufuri: Abubuwan da ƙungiya za ta duba kafin ta ƙera tirelar ɗaukar tumaki da awaki

Duk mai kiwon turke ya san lissafin dusa da harawa da kuɗin allura. Lissafin da aka fi mantawa da shi shi ne na ranar ƙarshe, wato ranar da za a ɗora rago a mota a kai shi kara. A 'yan shekarun nan, a wannan rana ce ribar mutane da yawa take zurarewa.

Kafin a cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, litar mai ba ta kai Naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Zuwa watan Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000. Direban J5 ko kanta da man ya yi wa tsada hanya biyu ke gare shi: ya ƙara kuɗin kowane kai, ko ya ƙara yawan kawunan da yake cusawa a mota. Galibi duka biyun yake yi. Na farkon aljihu yake taɓawa, na biyun kuma jikin dabbar.

Sai kuma ga matakin da gwamnatin Nijar ta ɗauka a watan Mayun 2025 na hana fitar da dabbobi daga ƙasar, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah. Kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari da Illela da Mai'adua sun ji a jikinsu, domin wani babban kaso na ragunansu daga tsallaken iyaka yake zuwa. Ga mai kiwo na gida wannan dama ce, amma fa ga wanda zai iya kai dabbarsa kasuwa da kansa, kuma ta isa da ƙafafunta. Wanda ba shi da abin ɗauka, a ƙofar gida zai sayar wa mai saye da farashin da aka yanka masa. An dai kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, sai dai tafiyar da ke tsakanin ƙauye da kara har yanzu a wuyan makiyayi take.

Shi ya sa ƙungiyar gama-kai da ke tunanin mallakar abin ɗaukar dabbobinta ba ta yi kuskure ba, ko ƙaramar tirela ce da tarakta ko akori-kura za ta ja, ko keji ne da za a ɗora a bayan babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko amalanke ne aka yi wa gyara. Inda ake yin kuskuren shi ne a wurin mai walda, lokacin da ake faɗa masa abin da zai ƙera.

Darasi daga masu ƙananan dawaki

A Amurka da Ingila akwai wasu 'yan ƙananan dawaki da ake kiwo don sha'awa da gasa. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke yi musu rajista a Amurka ba ta karɓar wanda tsayinsa ya wuce inci 34, kimanin santimita 86, wato kusan tsayin ƙosasshen ragon balami. Masu irin waɗannan dawaki sun daɗe da gano cewa tirelar babban doki ba ta yi musu. Tagogin suna can sama, iska na wucewa ta kan dabbar ba ta same ta ba. Shingen tsakiya ya bar fili a ƙasa inda ƙaramin doki zai kutsa ya maƙale. Ƙarfen da aka gitta don tare ƙirji ya zo masa a wuya ko ya tsallake kansa. Dole ta sa suka koma ƙera tirelar daidai jikin dabbar.

Halin da tumakinmu da awakinmu ke ciki ke nan. Motar da aka ƙera don buhun masara ko don shanu ita ake zuba su a ciki. To idan ƙungiya za ta kashe kuɗinta, ma'aunin farko shi ne tsayin dabbar da faɗinta da nauyinta, kafin a zo maganar fenti da rubutun sunan ƙungiya a jikin bodi.

Daɓe

Yawancin karaya da targaɗe daga santsi suke farawa. Farantin ƙarfe sumul, da zarar fitsari da kashi sun zuba a kansa, dabba ba ta iya kafa ƙafa. Direba ya taka birki, ɗaya ta faɗi, sauran su tattake ta. Ga shi kuma ƙarfe yana ɗaukar zafi da rana.

Katako mai kauri ya fi, a bubbuga masa siraran itace a gicciye domin kofato ya samu abin tokarewa. Idan ƙarfen ne dole, a shimfiɗa roba mai kauri a kai, sannan a zuba ɓuntun shinkafa ko garin katako ko yashi. A bar 'yan ƙananan ramuka ta baya inda ruwa zai tsiyaye, amma kada ramin ya kai girman da kofaton ɗan akuya zai shige. A riƙa leƙa ƙasan katakon lokaci-lokaci, domin fitsari ta ƙasa yake cin sa, sama kuma ka gan shi garau.

Fili: kai nawa za ta ɗauka?

A nan ne ake gardama a ƙungiya, domin kowa so yake a sa masa nasa. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan jigilar dabbobi ta ba da ma'aunin da za a iya aro. Akuyar da ba ta kai kilo 35 ba tana buƙatar murabba'in mita 0.2 zuwa 0.3. Mai kilo 35 zuwa 55 tana buƙatar 0.3 zuwa 0.4. Tunkiyar da ta wuce kilo 55 tana buƙatar sama da 0.3 idan an aske mata gashi, sama da 0.4 idan ba a aske ba. Tumakinmu ba su da gashi mai kauri irin na Turai, amma ragunanmu suna da ƙaho, kuma zafinmu ya fi nasu. Saboda haka a ɗauki 0.4 ga babban rago.

Ga misali. Daɓe mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2.4 ya ba da murabba'in mita 3.6. A raba da 0.4, raguna 9 ke nan. Idan kowanne ya kai kilo 60, nauyin ya zama kilo 540, ban da nauyin kejin kansa. Wannan adadin za a kai wa mai walda, kuma shi za a rubuta a jikin tirelar kowa ya gani. Ranar kasuwa idan wani ya ce "a ɗan matsa a sa nawa," sai a nuna masa rubutun.

Fili ya yi yawa ma matsala ne. Raguna 3 a wurin 9 za su yi ta tangaɗi suna buguwa da bango a kowace kwana. Maganin wannan shi ne shinge.

Shinge

A yi shingen tsakiya wanda ake iya matsarwa ko cirewa, kuma ya sauka har kusa da daɓe. Da shi za a raba manya da ƙanana, masu ƙaho da marasa ƙaho, da ragunan da ba su saba da juna ba, tunda dabbobin ƙungiya daga gidaje daban-daban suke fitowa, kuma baƙin raguna ba sa haɗuwa ba su yi karo ba. Tazarar rodin bango ko dai ta yi ƙanƙantar da kai ba zai shiga ba, ko a toshe ta. Tazarar da kai ke shiga ƙaho ya hana shi fita ita ce mai kisa.

Idan akwai shinge mai kyau, an huta da ɗaure ƙafafu huɗu a kwantar da dabba a jibge wata a kanta. Tunkiya ko akuya da ta daɗe a kwance a ɗaure cikinta yana kumbura, saboda iskar tumbi ba ta samun fita, kuma igiya tana yanka fata. Mai saye a kara yana ganin wannan tabon, da shi zai rage maka kuɗi. Sannan a bi cikin kejin da tafin hannu: duk inda walda ta bar tsini ko kan ƙusa ya fito, a goge shi.

Iska da inuwa

Wannan batu zai ƙara nauyi a shekaru masu zuwa. Babbar Sallah ta 2025 ta zo ne a farkon watan Yuni, kuma kowace shekara tana ja baya da kwana 10 zuwa 11. Ma'ana, hada-hadar ragunan layya tana ƙara shigewa cikin Mayu, daga nan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Rago mai ƙiba shi ne zafi ya fi saurin kayarwa.

A bar mashigar iska a gefe biyu daidai tsayin hancin dabbar, ba can sama ba. A yi rufi, amma da tazara sosai tsakaninsa da kan dabbar. Asabari ko zana ko tamfol mai haske da aka ɗaga a kan rodi sun fi kwano da aka kwantar dab da bayanta. Kada a lulluɓe kejin ruf da tamfol don gudun ƙura. A toshe ƙasan bangon gaba domin hayaƙin salansa kada ya riƙa shiga hancinsu. A tuna kuma, muddin mota na tafiya iska na ratsawa. Haɗarin yana wurin tsayawa, a shingen bincike ko a cunkoson bakin kasuwa. Idan tsayuwar za ta yi tsawo, a nemi inuwa. Lodi da asuba ya fi komai.

Matakala

Ɗaga rago ta ƙaho ko ta ƙafa a wurga shi cikin mota, da barin sa ya diro daga sama, suna cikin abubuwan da ke jawo ɗingishi. A yi ƙofar baya wadda ke saukowa ta zama matakala, da siraran itace a gicciye. Dokar Turan da muka ambata ta ce kada gangarar ta wuce digiri 26 da ɗoriya ga tumaki, digiri 20 ga dawaki da maruƙa. A sauƙaƙe, idan daɓen yana santimita 50 daga ƙasa, matakala mai tsawon mita ɗaya da rabi ta wadatar, har jaki zai hau. Daɓe na ƙasa-ƙasa ya fi, domin yana rage wuyar hawa, yana kuma rage haɗarin kifewa. Sakatar ƙofa ta zama biyu, kowacce da abin kullewa, saboda gargada tana zare sakata.

Taya, aksul da wurin haɗi

Araha ba ta ado, musamman a nan. Aksul da sifirin su zama waɗanda za su ɗauki nauyin da aka lissafa har da rara. Tirelar da ba ta da sifirin, duk ramin hanya a gwiwar dabba yake ƙarewa. A zaɓi taya da boris irin waɗanda ake samu a wurin mai faci da bakaniken garinku, kuma a ajiye safaya. Nauyi ya ɗan rinjaya gaban aksul. Ƙa'idar masu jan tirela ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ya sauka a wurin haɗi, domin idan nauyi ya koma baya tirela tana wutsil-wutsil har ta kwace wa direba. A ƙara sarƙa ta biyu a wurin haɗin, da fitilar baya da abin ƙyalli. Babur mai ƙafa uku kuwa kada a yi masa keji hawa biyu. Dabba kaya ce mai motsi, a kwana ɗaya za ta kayar da shi.

Kada mutum ya hau cikin dabbobi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha jan kunne kan haɗa mutane da dabbobi a mota ɗaya.

Wanki

Tirelar ƙungiya gida-gida take bi, kasuwa-kasuwa take shiga. Idan ba a wanke ta, ita za ta zama dillaliyar cuta. Cutar PPR, mai zuwa wa awaki da tumaki da zazzaɓi da majina da zawo, wadda hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, ta majina da yawu da kashi take yaɗuwa. Don haka a ƙera kejin yadda roba da shinge za su fita, a share shimfiɗar, a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana bayan kowace tafiya. Dabbar da aka sayo ko ta kwana a kasuwa ta dawo, a ware ta tukuna kafin ta shiga garke. Mara lafiya da mai tsohon ciki da wadda ta haihu cikin makon nan ba sa hawa.

Shin za ta mai da kuɗinta?

Ba kowace ƙungiya ce ya kamata ta saya ba. Idan sau biyu a shekara kuke kai dabbobi kasuwa, haya ta fi muku. Sai dai ku yi shatar motar gaba ɗaya, ku zuba shimfiɗa, ku ƙayyade yawan kai da kanku. Mallaka tana biya ne ga ƙungiyar da ke kusa da kasuwar mako-mako, irin ta Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, kuma za ta iya cire shingen ta ɗauki taki da damina, amfanin gona da kaka.

Kafin a tara kuɗi, a zauna a rubuta abin da mambobi suka kashe a haya bara, a haɗa da dabbobin da suka mutu ko suka karye ko aka karya musu farashi saboda wahalar hanya. A gefe guda a rubuta kuɗin ƙira, mai, direba da gyara. A kuma yanke tun yanzu wa zai riƙe makulli, nawa ne kuɗin kowane kai, kuma asarar wa ce idan dabba ta mutu a hanya. Idan lissafin ya nuna a saya, sai a auna ragon da ya fi girma a garken mambobi, a tafi wurin mai walda da awon a rubuce.