Tsakanin "Taya Ni" da "Yi Mini"

A biro da dama, daga Yamai har Damagaram, akwai mutum guda da ake kira "mai Hausa". Galibi daga sashen nazarin harsuna ya fito, ya san ƙa'idar rubutun da aka tsayar a Nijar a 1999, ya kuma san inda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke ɓoye a kwamfuta. Wani aiki dabam aka ɗauke shi, amma duk takardar Faransancin da ake son mayarwa Hausa a teburinsa take sauka: sanarwar rigakafi, jawabin shugaba, har katin ɗaurin auren ƙanen abokin aiki. Ba ya cewa a'a. "To" yake cewa, ya kwana yana fassara, aikin da ake biyansa dominsa yana jira. Ranar da shi kansa ya maƙale kan wata kalmar shari'a ko ta likita, sai ya ji nauyin tambaya, don an riga an ce shi ne masani. Wannan ne abin da ke jiran ɗalibai da yawa bayan jami'a, kuma maganinsa yana cikin harshen da suke nazari.

Sau da yawa akan ɗora laifin kan kunya da kara. Gaskiya ne kunya tana cikin halaye goma da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Sai dai gaskiya da amana ma suna cikin goman, kuma su ne na farkon faɗuwa idan mutum ya karɓi aikin da ya san ba zai gama ba. Wanda ya ce "to" ranar Litinin, ya yi ta kewaye-kewaye har Juma'a, ya fi cutar da abokin aikinsa a kan wanda ya faɗa masa tun da safe cewa hannunsa a cike yake. Na biyun ya bar masa kwana huɗu na neman wata hanya.

Matsalar "to" ita ce faɗinta. Tana nufin an yarda, tana nufin an ji kawai, wani lokaci kuma tana nufin a bar maganar haka. A gida da kasuwa, murya da fuska suna warware ma'ana. A wurin aiki kuwa, inda rabin magana ta koma saƙon waya, babu murya, babu fuska. Ga misalin da ɗalibin nahawu zai gane nan take: "na yi" ta shuɗaɗɗen lokaci da "na yi" ta lokaci mai zuwa na biyu karin sauti ne ya raba su, rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna karin sauti. Ɗaya na cewa aiki ya ƙare, ɗaya na cewa mai yiwuwa a yi shi. Mai karanta saƙon yakan zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi. Shi ya sa "zan kawo ranar Laraba" ko "ba zan samu ba a makon nan" suka fi ladabi a rubuce, ko da kunne ya ji su da kaushi.

Brown da Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, sun nuna cewa roƙo da ƙi duka suna taɓa mutuncin masu zance, shi ya sa ake lulluɓe su. Hausa ba ta rasa mayafi ba: "don Allah", "a yi haƙuri", "da so samu ne". A lulluɓe ƙin, amma a bar shi ya fito ƙi.

Neman taimako ma al'adar ta daɗe da tsara shi. Manomin da noma ya fi ƙarfinsa yakan kira gayya, kuma babu mai ganin ya yi abin kunya. Yana faɗin rana, yana nuna gonar, yana tanadin fura da tuwo, aiki ya ƙare kowa ya kama gabansa, shi kuma ya san akwai ranar ramawa. Abu mafi muhimmanci, mai gayya yana cikin gonar da hauyarsa. Nan ne bambancin "taya ni" da "yi mini". Ba a taya wanda ba ya aiki. Fi'ilin kansa yana buƙatar mai abu ya riga ya sa hannu. Abokin aikin da ya zo da fassarar da ya gwada, ya ce a taya shi duba sakin layi biyu, gayya ya kira. Wanda ya ajiye shafi ashirin ya tafi shan shayi sauke kayansa ya yi a kan wani, ko da sunan taimako ya kira abin.

Za a ce wannan duka tsakanin tsara ne, ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa shugaba a'a. Haka ne, kuma wanda bai daɗe da samun aiki ba yana da dalilin tsoro. Amma yana iya mayar da zaɓin ga mai iko: "Ranka ya daɗe, rahoton da ka ba ni yana hannuna, ga kuma fassarar nan. Wanne zan fara?" Bai ƙi ba, bai kuma yi alkawarin ƙarya ba, shugaban ya ga nauyin da idonsa. Idan fassarar ta zama ta kullum, sai a nemi a rubuta ta cikin ayyukan da aka san shi da su, domin fassara sana'a ce mai lokaci da lada.

Malamai na da rabonsu a nan. Ɗalibin da ya zo da tambaya kan kundinsa aka tarbe shi da tsawa ya koyi ɓoye jahilci, kuma da wannan darasin zai shiga biro. Wanda aka saba aika wa aikin buga takardun malami ba tare da an tambayi lokacinsa ba shi ne "mai Hausa" na gobe, mai kwana kan katin auren da ba a ma gayyace shi ba.